Kusurwar da Fitila Ba Ta Kaiwa

Da yamma liƙis Injiniya ta shiga ɗakin jira na asibitin haƙori, da fitilu uku a kwali. Kawunta ne ya laƙaba mata wannan suna bayan ta gama makaranta, shi ne kuma, mai shagon kayan lantarki, ya sakar mata wannan aiki, na farko da za ta yi ita kaɗai: ta haske tankin kifin ado daga wannan gefe zuwa wancan. Likita ya ce in gobe ya sake ganin duhu a kusurwar hagu, wani shagon zai kira.

Mai gadi ya buɗe mata, ya toge a bakin ƙofa. Ya ce kawun nata ma ya gwada ya haƙura. Wai kusurwar da mai ita, kuma ba ya son haske.

"To Baba, ya sayi labule mana," in ji ta.

Ta ɗaura fitila ta farko a tsakiya, ta ɗaga ta kaɗan don hasken ya bazu. Ta biyu ta karkatar da ita hagu. Tsakuwa ta fito tar, ciyawa ta yi kore shar. Kusurwar ko gezau, alhali ba dutse ba itace da zai yi inuwa. Kifayen duk sun cure a dama.

Injin da ke hura wa kifayen iska ya yi shiru. Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

Ta naɗe hannun riga, ta tsoma hannu ta ji abin da ke tare hasken.

Aka riƙe ta.

Yatsu dogaye, masu sanyi. Suka ja. Ruwa ya kai kafaɗa, bakin gilashin ya danne haƙarƙarinta.

"Kashe," aka raɗa daga ƙarƙashin ruwan, da muryar kawunta.

Mai gadi yana salati, yana roƙon ta kashe.

"Ban gama aikina ba."

Ta laluba da ɗaya hannun, ta jawo fitila ta uku, ta kifa a kan kusurwar, ta danna.

Haske ya sauka har ƙasa. Ta ga abin da ta gani. Aka sake ta, ta faɗi zaune.

Washegari likita ya duba tankin ya yaba. Sai dai har yau, da rana ta faɗi hannun nan nata yakan jiƙe har kafaɗa, yana ɗiga, ko ba ruwa kusa. Takan goge da tawul, ta ci gaba da ɗaura wayar lantarki.