Jerko na Gidan Kaguwa

Tsofaffin jaridun nan sun ishe Nevenka. Masuntan da suka kafa garin take nema, amma kowace sanarwar rasuwa suna ɗaya ne, Jerko Barić, ba laƙabin gida. Ga duhu ya shigo, ɗakin karatu ya watse.

Ta ja tsaki. "Wannan kuma wane Jerkon ne?"

"Na gidan Kaguwa ne, 'yata," in ji wani tsoho a bayanta.

"Haba Baba, mutumin da ya shekara ɗari da rasuwa? Ina ka san shi?"

Ƙarnin teku ya bugi hancinta. Ƙafafunsa ba takalmi, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Ya dangwala jiƙaƙƙen yatsa a shafin. "Gyara nan. Ba a gado na mutu ba."