Yatsan da Na Dangwala wa Tsohuwa

Ku rage fitilar nan ku matso. Ke Hansatu, bar dariya, ba tatsuniya zan yi muku ba. Kun daɗe kuna tambayar abin da ya sami babban yatsana, yau za ku ji.

Lokacin da nake digiri na uku akwai darasin da muka raina, na ɗa'ar bincike a harkar lafiya. Farfesa Uwani ke koyar da shi. Kullum maganarta ɗaya ce: kada ka ɗibi jinin mutum sai ka yi masa bayani, ya yarda da bakinsa, ya dangwala yatsa a takarda. Mu kuwa sai hamma.

Bincikena a kan zazzaɓi ne, jinin mutum ɗari nake nema a wani ƙauye. Mai unguwa ya ce ya yardar wa kowa, don a can in babba ya faɗa an gama. Na sami casa'in da tara. Saura kwana biyu a rufe karɓar aiki, hankalina duk ya tashi.

Da rana tsaka na biyo hanyar tsohuwar rijiya, ni kaɗai. Sai ga wata tsohuwa zaune a gindin gawo, hannunta a miƙe bisa gwiwa. Na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na ce mai unguwa ya ba da izini. Shiru. Wallahi na tuna Farfesa, na kawar da tunanin, na soka allura. Jinin ya fito da sanyi, har kwalbar ta yi raɓa. Ta dunƙule hannu ta hana ni yatsa, sai na dangwala nawa a takardar a madadinta.

Kafin in isa gari yatsan ya yi sanyi ya mutu. Washegari sanyin ya kai wuyan hannu. Abokaina likitoci suka duba, ba su ga komai ba. In na rufe ido, murya ɗaya nake ji, kamar daga cikin rijiya: "Ka tambaye ni?"

Na je wa Farfesa ina kuka, ni da gemuna. Ba ta ce mutum ce ba, ba ta ce aljana ce ba. Ta ce ko wace ce, jininta ne, in mayar mata.

Da na koma ƙauyen, mai unguwa ya ce ba su da tsohuwa a wajen, rijiyar ma tun zamanin kakansa aka bar ta. Na roƙi a raka ni, kowa ya sunkuyar da kai. Sanyin ya wuce kafaɗa, ya nufi ƙirji.

Tana nan inda na bar ta. Wannan karon na durƙusa, shi ya sa na ga ƙafafunta. Kofato ne, irin na jaki. Na so in gudu, amma in gudu zuwa ina? Na yi addu'a, na ajiye kwalbar a gabanta. Na faɗa mata ko ni wane ne, da abin da zan yi da jinin, da cewa tana da ikon ƙi.

"Iya, kin yarda?"

"Ban yarda ba."

Ta ɗauke kwalbar. Ta kama yatsana ta murza kamar mai goge tawada, ɗumi ya dawo mini har kafaɗa.

"Zanen yatsan nan nawa ne, tunda da sunana ka buga shi," in ji ta. "Da ka tambaya ran nan, da na ba ka."

Digirin ya ƙara cin shekara guda, ban ji zafinta kamar na wannan maganar ba. Don haka kada wanda ya bi hanyar rijiyar nan shi kaɗai da rana tsaka. Kuma kada ku taɓa jikin wani sai ya ce to da bakinsa.

Hansatu, kawo hannunki ki shafa. Kin ji? Sumul, ko zane ɗaya babu.