Sawun Allura Biyu

"Kar ki buɗe! Akwai wuta a ciki!"

Da Hausa Sabiru ya yi ihun, don tsoro bai bar shi ya nemo Larabci ba. Budurwar ta janye hannunta daga murfin baƙin akwatin, ta juyo ta dube shi ta saman niƙabi.

"Tayyib, na ji. Sai ka fasa mini kunne?"

Bawan Allah ya saki baki. Shekararsa biyu a Madina da iƙama, takardar zama ta baƙi, bai taɓa zaton akwai Bahausa a ɗakin binciken nan ba. Ita ce Rumaisa, haifaffiyar unguwar Jurf ta nan Madina, wadda kakanninta suka zo aikin Hajji suka zauna. Maza ke aikin safe, mata bayan Azahar, ba a haɗuwa. Ran nan gwaji ne ya riƙe shi, don ba a yanke wutar farat ɗaya, a hankali ake sauke ta.

Aikin nasu kuwa sai mai haƙuri. Farantan silikon ne sirara ake aiko musu daga Turai, waɗanda za a jera cikin wata ƙatuwar na'ura mai kama sawun ƙananan ƙwayoyin zarra. Kowane faranti sai an ɗora shi a teburin allura, a leƙa ta madubi, a sauke allura mai kaurin gashi a kan ɗan gurbinta, a rufe akwati don haske na ɓata awo, sannan a ba shi wuta a ga ko yana yoyo. Hannu ya yi rawa kaɗan, faranti ya tashi aiki.

A shekarar 2004 ke nan, lokacin da kowa ke ji da 'yar Nokiyarsa. Kafin wata uku saƙonni sun yi nisa.

"Malamar allura, na bar miki faranti shida. Zuciyata ce ta bakwai, a sauke mata allura a hankali."

"Ya Bazazzage, ka cika surutu. Shidan sun ci jarrabawa. Ta bakwai tana wajena, ba zan mayar ba."

Sai dai da maganar aure ta taso, mahaifinta, Alhaji Usmanu, tsohon telan da ya shekara arba'in yana ɗinka tobe, doguwar rigar Larabawa, ya ce allambaram.

"Mai iƙama? Yau yana nan, gobe an buga masa hatimi ya tafi. Ga Saif ɗan ƙanena, naka naka ne."

Saif ɗin shi ne mai kula da ɗakin binciken. Makulli na hannunsa, baki kamar reza, amma allura dai bai taɓa sauke ta da kansa ba.

Wata Asabar mudir, wato shugaban wurin, Dakta Abdussamad, ya kira Sabiru ofis ya tura masa takarda. Faranti goma sha biyu sun lalace, duk an karce su, kuma shi ya gwada su ran Laraba. An ba shi mako biyu ya bar ƙasar.

Sabiru bai girgiza ba sai da idonsa ya kai ƙasan takardar. Sa hannu biyu ne. Na Saif bai dame shi ba, wannan dama ya san da zamansa. Na biyun ne ya soke shi. Rumaisa Usmanu, da wannan rubutun nata mai kwanciya gefe, wai ta duba ta tabbatar.

Kai jama'a, cin amana ba daɗi! Da mari ta kwaɗa masa a tsakiyar kasuwa da ya fi sauƙi.

Ya fito ya zauna a inuwar bango, ya rubuta mata: "Na ga sa hannunki. Kin duba farantan?"

Sai da La'asar ta yi sannan amsa ta zo: "Ban duba ba. Saif ya kawo takardar gida, Abuya, babana, yana zaune, ya ce in sa. Na ji tsoro. Samihni, ka yafe mini, habibi."

"Kar ki ƙara ce mini habibi. Ke kaɗai a garin nan kika san hannuna. Da wani ya tambaye ni a kanki, da sai in rantse da gaskiyarki ba tare da na duba ba. Ke kuwa kika sayar da ni don kar a ɗaga miki murya."

Ta kira ya fi sau goma, bai ɗauka ba. Ni ma da ni ne ba zan ɗauka ba.

Kwana uku Rumaisa ba ta iya cin abin kirki ba. A na huɗu ta ciro farantan daga kabad, ta ɗora na farko a ƙarƙashin madubi. A kowane gurbi sawu biyu ta gani: ɗan ɗigo a tsakiya, tsaf, sai kuma wani dogon karce da ya tsallake gurbin ya yanka layukan gefe. Ta buɗe kwamfuta, ta tarar an sake ba farantan wuta ran Alhamis, ranar hutu, ranar da Saif ya zo da abokansa na garin Yanbu yana nuna musu wurin aikinsa.

Ba wajen mudir ta fara zuwa ba. Washegari ta ce mahaifinta ya kawo ta aiki, ta roƙe shi ya shigo.

"Abuya, ka leƙa nan. Ba zan ce komai ba."

Tsohon ya cire tabarau, ya kafa ido, ya daɗe. Ta canza masa faranti, ya sake leƙawa.

"Wannan hannu biyu ne," ya ce a hankali. "Ɗaya gwani, ɗaya bai taɓa riƙe allura ba. Ko a ɗinki na gani zan gaya miki. Karcen na wa ne?"

Ta nuna masa ranar da ke kwamfutar. Ya san inda Saif ya ce ya je ran Alhamis, don a gabansa ya yi ta fariya.

"Innalillahi. Da bakina na ce ki sa hannu."

"Da hannuna kuma na sa, Abuya. Wannan laifin nawa ne."

Tare suka shiga wajen mudir. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Saif bai yi minti biyar yana musu ba ya fara kame-kame. Aka janye takardar korar Sabiru, aka sallami Saif. Ita ma Rumaisa aka ce ta ajiye aiki, don wanda ya shaidi abin da bai gani ba ba shi da wuri a ɗakin awo. Ta san haka za a yi tun kafin ta shiga.

Kuna zaton Sabiru ya sheƙo da gudu? Ina! Wata guda bai neme ta ba. Yakan zo da safe, ya gwada farantansa, ya tafi, fuska a murtuke. Sai da Alhaji Usmanu da kansa ya tako har ɗakin da yake haya a unguwar Bani Harisa bayan sallar Juma'a.

"Ɗana, na zo neman gafara. Na raina ka don takarda, na kusa sa a kore ka a kan ƙarya."

"Baba, kai ba ka san ni ba, ba ka ci amanata ba. Ita ce ta san ni."

"Gaskiya ne. To ka sani ta yar da aikin da ta yi shekara shida tana karatu dominsa, ba wanda ya tilasta ta. In kana so, na ba ka. In ba ka so, ban ga laifinka ba."

Da tsohon ya tafi, Sabiru ya daɗe yana juya waya a hannu. Daga bisani ya rubuta: "Malamar allura, kin ci abinci?"

Ita kuwa da ta karanta, sai kuka.

Wata takwas aka yi ana jiran izinin hukuma, don 'yar ƙasa ba ta auren baƙo sai da shi. Ranar ɗaurin aure a Jurf, gidan su Saif ko mutum ɗaya bai leƙo ba, abin kuma ya sosa wa Alhaji Usmanu rai ƙwarai. Duk da haka ya kama hannun ango a gaban jama'a ya ce, "Allah ya sa ku rufa wa juna asiri, ya ba ku zuriya masu faɗin gaskiya ko a kan ubansu ne." Aka amsa da amin, mata suka rangaɗa guɗa.

Da aka watse, Rumaisa ta zauna kusa da mijinta, kanta a ƙasa.

"Sabiru, har yanzu yana maka ciwo?"

Bai yi mata ƙarya ba. "Yana yi, wani lokacin."

"To ina nan. Ba inda za ni sai ya warke."

Ya ɗago haɓarta. "In ya warke fa?"

"Sai in zauna haka nan."

Allah ya bar su tare, ya kuma raba mu da cin amanar wanda ya yarda da mu.