Sai An Yaye Azizu

"Sai yaushe, Rakiya?"

Tambayar da Nasiru ya tarbi matarsa da ita ke nan, ko gaisuwa babu. Yana tsaye a bayan dangar gidan Inna, inda ya mayar fadarsa tun da Rakiya ta zo wankan jego, riƙe da ƙunshin kifin da ya kamo a tabkin Madarunfa. Ƙofar gida kam ba ya kusantarta. Mutum ne da in ya hango surukarsa a hanya sai ya faɗa cikin gero, ya gwammace ƙaya ta yage masa riga da su haɗa ido.

Rakiya ta karɓi kifin ta saman danga, ta yi ƙasa da murya.

"Ka san abin da Inna ta ce, Maigida. Sai an yaye Azizu."

"Sai ya shekara biyu ke nan hwa. Arba'in ta wuce, gero ya yi kai, anka yanke, ni ina can ina hira da taru. Ɗakinki har gizo-gizo ya yi saƙa."

"Na sani..."

"Ba ki sani ba, hasken idona. Da kin sani da ba ki iya barci."

Wa ya ce masa tana barci? Son Nasiru take yi kamar ranta, kuma ba ta jin kunyar faɗa. Amma ita ma Inna ba a banza ta kafe ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ɗiyarsu ta fari, Hafsa, ko rarrafe ba ta fara ba wani ciki ya shiga. Mata suka dinga ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai Rakiya ta yi kunika. Tsofaffi suka ce nono ya ɓaci, aka cire yarinya daga mama rana ɗaya. Daga nan sai zawo, sai rama, sai tamowa, kafin cikin ya tsufa an kai Hafsa makwancinta. Haihuwar Azizu kuma ta zo da zubar jini, sai da aka kwashi Rakiya zuwa Maraɗi ba ta san inda kanta yake ba. Ranar da aka sallamo ta Inna ta rantse, ɗiyarta ba za ta sake kwana ɗaki ɗaya da miji ba sai yaron nan ya gama shan nononsa, yadda iyaye da kakanni suka yi.

Nasiru ya ce, "Kamyon Ɗan Baba, babbar motar nan, zai tashi Laraba, ta Ɗan Issa, har Kurmi can kudu. Na ce ya aje mini wuri."

Rakiya ta matso jikin danga.

"Jirginka hwa?"

"Na samu mai saye. In tahi in nemi kuɗi, in anka yaye shi in dawo. Zaman ga na gani-ga-ki-ga-ni ya ishe ni."

Ta san irin wannan tafiyar. Ta ga mazan da suka ce za su dawo da damina, damina ta zo ta wuce, salula ta daina shiga, mata suka tsufa a ɗakin iyaye. Take ta ji wani abu ya tsaya mata a ƙirji, ba kuka ba, taurin rai. Ta rasa ɗiya, ta kusa rasa ranta, miji kam ba za ta zuba ido ya tafi ba.

"Akwai hanya," ta ce. "Madam ta likita, asibitin nan namu, ta yi muna bayani ranar awo. Wani ɗan abu kamar ashana ake sa wa mace a hannu, ƙarƙashin fata, ta huta da haihuwa har yaro ya yi ƙwari. Kuma gwamnati ta ɗauki nauyi, talaka ba ya biyan ko dala."

Nasiru ya yi wata ƴar dariya marar daɗi.

"Kyauta? Rakiya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Gwamnatin da ba ta taɓa ba ni taki kyauta ba, ita ce za ta ba ni wannan? Mun yi zancen ga a bakin tabki. Sunka ce abin da ake ba talaka kyauta, mahaifa yake kashewa."

"Su wa sunka ce? Waɗanda ko ƙofar likita ba su taɓa takawa ba?"

"To in kin matsu ki je ki yi mana. Mata nawa ke yi ba a sani ba?"

"Ni ba zan yi a ɓoye ba. Ba sata na yi ba, Maigida. Kai na aura, da kai zan shiga ɗakin Madam, ka yi tambayarka da bakinka. In ba ka gamsu ba mu fito. Laraba ranar awon Azizu ce. Ina can tun da hantsi. Kamyo na tasha, ni ina likita, sai ka zaɓa."

"Cikin mata? In zauna bisa bencin masu goyo?"

"Ni cikin maza anka ɗauke ni jina-jina zuwa Maraɗi, ban ga wanda kunya ta kashe ba."

Ta juya ta bar shi nan tsaye.

Inna ba a yi mata wayo. Tun da ta ga kifi ta san an yi taron bayan danga, ta kuma lura Rakiya ta wanke zanenta na fita tun Talata. Suna surfe a tsakar gida ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Awon gobe da ni za a je."

Rakiya ta tsayar da surfe.

"Inna, ƙafarki..."

"Ƙafata ta kai ni Maraɗi lokacin da kike kwance kamar gawa, za ta kai ni likita."

Rakiya ta jingine taɓarya, ta durƙusa. Ba ta saba yi wa Inna musu ba, amma yau ta ƙudurta sai ta faɗa, ko sama za ta faɗo. Ta zayyana mata komai, da kamyo, da jirgi, da ashana.

"Ina son mijina, Inna. Ina son Azizu ya rayu, ina son raina. Ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya in zubar da saura ba."

"So," Inna ta ce, kamar ta tauna maɗaci. "So ne ya binne Hafsa. Namiji ne hwa, ɗiyata. Ba zai zo ba. In ma ya zo, ya hango ni, iyakar abin da za ki gani ƙeyarsa."

Gaskiyar Inna, abin da Rakiya take tsoro ke nan. Ta nemi ta aika masa cewa da Inna za a je, ta fasa. In zai zo don ta share masa hanya ne, to gobe ma wani ya tare hanyar zai koma.

Laraba da hantsi rumfar likita ta cika da mata, ga kukan yara, ga masu tallar ƙosai a bakin ƙofa. Inna ta goya Azizu da kanta, ta zauna a bakin benci ta inda duk mai shigowa sai ya wuce ta gabanta. Tsohuwar nan da gangan ta yi, wallahi. Aka auna yaro, aka yi masa allura, mata suka fara raguwa, Rakiya dai idonta na kan hanya. Can daga wajen tasha ta ji wata babbar mota ta yi oda ta tashi, sai ta sunkuyar da kai hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Tashi mu tahi," Inna ta ce, muryarta ta yi sanyi.

"Sai Madam ta rufe ƙofa, Inna."

Ba ta rufe baki ba ta gan shi. Ya sha farar rigarsa ta Juma'a, yana tafe yana waige kamar ɓarawon kaza. Ya sako ƙafa cikin ƙofa ke nan idonsa ya faɗa kan Inna. Ya tsaya cak. Ya juya. Rakiya ta ga ƙeyar da aka ce za ta gani, har ya kai bakin titi.

Nan ya tsaya, ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya riƙe su a hannu, ya dawo ƙafa ba takalmi cikin rana, ya zube gaban surukarsa a tsakiyar mata.

"Ina kwana, Inna."

Rumfa ta yi tsit, sai kuma aka fashe da shewa. Wata ta ce, "Malam, cikin wata nawa ne?" Wata ta ce a ba shi wuri a benci kada nakuda ta kama shi a ƙasa. Zufa ta jiƙa masa riga, amma bai motsa ba. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta amsa can ciki, "Lahiya."

Rakiya kuwa ji ta yi ko a ranar aurensu bai yi mata kyau haka ba.

Madam Mariama, ungozomar likitar, ta shigar da su ɗakinta. Nasiru ya zauna a gefen kujera, ya ce ya riga ya tambayi limaminsu jiya, ya ce masa hutu don lafiyar uwa da ɗa ba laifi ba ne in miji da mata sun yarda. Saura tambaya ɗaya.

"Don mi kyauta, Madam?"

"Allurar da anka yi wa ɗanka yanzu, ka biya?"

"A'a."

"To daga aljihu ɗaya sunka hito. Kuɗin ƙasa ne anka ware don wanda ba shi da hali, kada rashi ya hana shi abin da mai kuɗi ke saye a farmasi. Gwamnati ta gane ba wa mace hutu ya fi mata sauƙi da kwasarta zuwa Maraɗi rai a hannun Allah."

"In muna son ƙanen Azizu hwa?"

"Ku zo in cire, ko gobe ne. Wata takan ga al'adarta ta canza, in ya dame ta ta dawo mu duba. Amma mahaifa tana nan yadda Allah ya yi ta."

"Nono hwa?"

Duk suka waiga. Inna ce tsaye a bakin ƙofa, ta kawar da fuska daga surukinta, amma kunnenta na ciki.

"Ba ya taɓa nono, Inna," Madam ta ce. "Ya sha abinsa har ya ƙoshi."

Nasiru ya dubi matarsa. "Ke mi kike so, rabin raina?"

"Ɗakina nike so."

"To a sa, Madam. Bismillah."

Ba a daɗe ba aka gama. Suka fito Rakiya da ɗan bandeji a damtse, Nasiru a baya nesa, har yanzu takalma a hannu. A mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi gidan Inna ɗaya ta gangara bakin tabki, tsohuwa ta tsaya. Ta kama hannun ɗiyarta ta shafa gefen bandejin da ɗan yatsa, a hankali, ta daɗe tana shafawa.

"Ɗan abin ga..." ta ce. "Ni ma haka anka riƙe ni gida lokacin goyonki. Ubanki ya yi ta zarya bayan danga, har ya gaji ya bi mota. Ina nan ina jiran a yaye ki."

Rakiya ta taso da sanin mahaifinta ya tafi neman kuɗi bai dawo ba. Ba ta taɓa sanin daga bayan danga ya tafi ba. Kuka ya ƙwace mata, ta rungume uwarta a tsakiyar hanya.

Inna ta kwance goyon, ta ɗaga Azizu ta dube shi, ta yi magana da ƙarfi yadda na baya zai ji.

"Azizu, ka ce ma ubanka amana ce na ba shi. Ka ce mishi in uwarka ta yi ciwon kai ina son in ji. Kuma ya bar mini bayan danga haka nan, gidana da ƙofa."

Nasiru ya durƙusa inda yake, yana share ido da hannun riga. "Na ɗauka, Inna. Allah ya ƙara girma."

Ta ɗora yaron a bayan Rakiya, ta ɗaure mata zanen da hannunta, ta ja ta ƙulle tamau. Sannan ta juya ta kama hanyar gida ita kaɗai, tana ɗan ɗingishi, bayanta ba kowa.

"Inna..." Rakiya ta kira ta.

Ba ta waigo ba, hannu kawai ta ɗaga.

"Ku tahi, rana na dukan yaro. Kayanki na aiko da marece."