Goron da Bai Isa Duvu Ba

Inna Safiyatu na zaune bakin murhu a gidansu na Lokuwa tana kuka, tuwo ya kama gindin tukunya ba ta sani ba. Mijinta Malam Garba yana tsaye da waya a hannu.

"Gida tara a Duvu, ko ɗaya goron sa rana bai shiga ba! Fa'iza! Wa ya buga takardar sunayen da aka raba goro da ita?"

"Mu'azu ne, Baba."

"Shi angon? To na gane. Ya ga dangin uwarki manoma ne masu zuwa coci, ya tsallake su. Ranar Juma'a zan mayar wa iyayensa kayansu!"

Fa'iza ta shige ɗaki ta buɗe laftof. Ita da Mu'azu ajinsu ɗaya a karatun kwamfuta, shekara ta biyu, ko ta uku ce, wannan ya kwanta mini. A zangon ana koya musu abin da suke kira linkid lis: jeri ne wanda kowane suna ke riƙe da adireshin na bayansa, kamar masu haye mayo, wato kogi, da damina, kowa riƙe da hannun wani. Don ta gwada darasin, sai ta zuba sunayen dangi a ciki. Da ta iso kan Kawu Tizhe, yayan Inna da ya rasu bara, ta share shi, tunda ba a kai wa mamaci goro. Amma ba ta haɗa na gabansa da na bayansa ba. Duk wanda ke bayansa ya ɓace, daga matarsa Mama Rut har mutum na ƙarshe a Duvu. Daga wannan jerin ne kuma Mu'azu ya buga takardar.

Ta kira Mu'azu.

"Ni ce fa! Ni na yi dilit ban haɗa ba!"

"Yanzun nan na duba na gani," ya ce. "Sori. Amma ki yi shiru har Baba ya huce. Zagi ba ya huda fata."

Ta kuwa yi shiru, kwana biyu. Ranar Alhamis Mu'azu ya zo gaisuwa, Baba ya bar shi durƙushe a rana a ƙofar gida yana ta yi masa faɗa, shi kuma ba abin da yake cewa sai "A yi haƙuri, Baba." Fa'iza na kallo ta bayan labule. Da ta ga gumi ya jiƙa masa riga, ta fito ko mayafi babu, ta zube ƙasa.

"Baba, ba shi ba ne! Ni na share sunan Kawu, sauran suka bi shi. Na sani tun shekaranjiya, tsoro ya hana ni faɗa!"

Malam Garba ya juya wajen Mu'azu.

"Tashi, Mu'azu, ka yafe mini. Ke kuma ba ni kika ɓata wa ba. Idan matar kawunki ba ta yafe ba, babu biki."

Washegari Fa'iza da Inna suka hau babur zuwa Duvu. Suka tarar da Mama Rut tana ɓarar gyaɗa, ko kallonsu ba ta yi ba. Inna ta zayyana mata duk abin da ya faru.

"Injin ne ya manta da ni, ko ke?"

"Ni ce, Mama."

"Madalla! Da kin ce inji ne, da na bi ki da muciya. Kawunki ne ya goyi uwarki a hanyar gona. Ya mutu, sai mu ma a binne mu?"

Fa'iza ta fashe da kuka. Tsohuwar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta jawo ta jikinta.

"Ya isa. Yaron da ya sha rana bai tona ki ba, shi za ki aura. Miƙo goron nan, ko da yake haƙorana uku suka rage."

Aka yi biki bayan kaka, mutanen Duvu suka cika mota biyu.

'Yan'uwa, haƙuri ne ya ba Mu'azu mata, gaskiya kuma ta wanke Fa'iza. Idan mutuwa ta ɗauki wani daga cikin dangi, ku yi maza ku kama hannun waɗanda yake riƙe da su.