Tankin da Yake Numfashi

A bayan gidansu Yaya akwai wani lungu da rana ba ta leƙawa. A can tsohon tankin ruwansu yake. Idan ka yi shiru, sai ka ji yana numfashi. Huuu. Ya tsaya. Huuu.

Mama ce kaɗai ke ɗebo ruwa a wurin. Yaya kuwa, uwar tsoro, ko da tsakar rana ba ta zuwa.

Ƙaninta Auta ya yi wata guda yana tari. Ya rame, ya daina wasa.

Wata rana wata likita mai bincike ta zo ajinsu. Ta raba wa kowa ƙaramar kwalba mai lambar gidansu.

"Yara da yawa suna tari a unguwar nan," in ji Likita. "Muna so mu gano ko ruwa yana da hannu. Kowa ya cika kwalbarsa daga inda ake ɗibar ruwa a gidansu."

Da yamma Yaya ta doshi lungun. Taku uku ta yi. Gansakuka ta lulluɓe bango, wurin sanyi ƙalau. Sai tankin ya ce, huuu. Ta kwasa da gudu.

Ta ji kunyar gaya wa Mama. Washegari ta cika kwalbar a famfon makaranta.

"Ruwa ai ruwa ne," ta ce a ranta.

Bayan mako guda jikin Auta ya ƙara tsananta. Yaya ta raka Mama asibiti. A bangon ofishin Likita akwai taswirar unguwa, an kafa mata ƙananan allurai, ja da kore.

"Ja shi ne gidan da muka samu ƙwayoyin cuta a ruwansa," in ji Likita. "Ma'aikata suna bi suna wanke tankunan. Naku kore ne, Maman Auta, wato ba mu samu komai a ruwanku ba. Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Sau biyu yaron nan yana samun sauƙi a nan, da ya koma gida sai tarin ya dawo."

"To mu yanzu ina za mu sa kanmu?" Mama ta tambaya.

Auta yana kwance a kafaɗar Mama. Sai Yaya ta ji wani sauti yana fita daga ƙirjinsa. Huuu. Ya tsaya. Huuu. Sak irin na tankin.

Yaya ta dubi koriyar allurar nan, ta ga kamar ita ma kallonta take yi.

"Ba ruwan gidanmu ba ne," ta ce a hankali. "Na makaranta na zuba. Tsoron tankin nake ji. Yana numfashi."

Mama ta buɗe baki, Likita ta ɗaga mata hannu.

"Kin yi kuskure, 'yata. Kwalbarki ta aika mu inda ba ciwo. Amma kin kyauta da kika faɗa. Zo ki nuna mana shi."

Suka nufi lungun, Yaya ce a gaba. Wani ma'aikaci ya hau tsani ya ɗaga murfin. Ashe tsagewa ya yi, iska ce ke hurawa ta tsagar. A ciki kuwa ga ruɓaɓɓen ganye, ga gashin tsuntsu, ga wani koren yauƙi yana lilo.

"Ga dodonki nan," in ji ma'aikacin, yana toshe hanci.

Da hannunta Yaya ta cika sabuwar kwalba. Gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta, Likita ta cire koriyar allura ta kafa ja. Aka wanke tankin, aka sa sabon murfi, aka sake wa Auta magani.

Bayan mako biyu Auta yana bin Yaya da gudu a tsakar gida, yana cewa, "Huuu, na kama ki."

Mama ta yi dariya, ta jawo Yaya jikinta.

"Tsoro ba laifi ba ne," ta ce. "Amma idan kin kasa abu, ki ce kin kasa. Kada ki rufe shi da ƙarya."

Yaya ta ɗora kunnenta a ƙirjin Auta. Ba ta ji komai ba sai bugun zuciyarsa.