Rumman ɗin Baba Tsoho

A birnin Katsina akwai wata yarinya 'yar ƙaramar sakandare. Yarinyar akwai kai, amma fa akwai gaggawa. Idan ta fara abu, so take ta gama kafin a ƙifta ido.

A unguwar Gobarau aka haife ta, a gidan kakanta Malam Mamman. Jikoki suna kiransa Baba Tsoho. A tsakar gidan akwai bishiyar rumman da ya dasa da hannunsa. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki bokiti ya ba ta ruwa. Yarinyar tana biye da shi da ɗan kofinta, rabin ruwan a ƙasa, rabi a rigarta.

Idan rumman ya nuna, sai ya fasa ɗaya ya zuba mata jajayen 'ya'yan a tafin hannu. Yakan ce, "Ga ladan aikinki, sarkin ɓarin ruwa."

Yanzu Baba Tsoho ya rasu. Iyayenta sun gina sabon gida can gaba da Ƙofar Marusa, sun koma. Kakarta Iya Furera ta ce ita ba inda za ta. Gidan da ke cike da hayaniyar yara ya yi tsit. Duk sanda yarinyar ta je, sai ta ji kewar kakanta ta kama ta.

Wata rana ta tarar da Iya Furera tana jan bokiti da ƙyar, tana dafa gwiwa.

"Iya, ki bari mana. Ƙafarki fa."

"In na bari wa za shi ba ta ruwa? Wagga bishiya ita kaɗai Malam ya bar mani da ke da rai."

A makaranta yarinyar tana cikin kulob ɗin kimiyya. Malaminsu, Malam Sagiru, ya koya musu aiki da wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai wuce tafin hannu ba.

Yakan ce, "Wannan allon yana da ƙwaƙwalwa, amma ba shi da wayo. Umarnin da kuka rubuta a kwamfuta kuka loda masa, shi kaɗai zai bi."

Sai dabara ta zo mata. Ta haɗa allon da ɗan famfo, da batir, da ma'aunin danshi. Ma'aunin wani ɗan ƙarfe ne mai yatsu biyu da ake cakawa a ƙasa. Idan ƙasa ta bushe, yana aika wa allon babbar lamba, allon ya kunna famfo. Idan ta jiƙe, lambar ta sauka, famfo ya tsaya.

Ta gwada a lambun makaranta, abu ya yi aiki. Malam Sagiru ya yaba mata.

"Amma ki sake gwadawa a inda zai zauna," in ji shi. "Ki tsaya ki ga ya yi aiki da idonki."

"To, Malam," ta ce. Amma hankalinta ya riga ya kai Gobarau.

Ranar Asabar babanta ya kai ta. Ta rataya allon a bango, ta jefa famfo cikin durom ɗin ruwa, ta ja tiyo zuwa gindin bishiya. Da ta zo kan ma'auni, sai wayarsa ta gaza. Ba ta kai gindin ba. Maimakon ta nemo ƙarin waya, sai ta caka shi inda ya kai, kusa da wani faffaɗan dutse.

"Ƙasa ai ƙasa ce," ta ce a ranta.

Famfo ya yi ƙara, ruwa ya zubo. Ta yi tsalle.

"Iya, daga yau kin huta! Kada ki sake taɓa bokiti."

"Ke 'yar nan, wanga abu ya san ƙishi kuwa?"

"Ya fi kowa sani, Iya."

Ta tafi gida, ba ta ko jira ta ga famfon ya tsaya ya sake tashi ba. Kwanaki suka shuɗe ba ta leƙa Gobarau ba. Ga bazara ta kankama, rana kamar wuta.

Ran nan babanta ya dawo daga gaishe da Iya, fuskarsa ba walwala.

"Rumman ɗin nan yana mutuwa. Furannin duk sun zube."

Washegari ta je ta gani. Ganyen ya yi rawaya, ya zuba a ƙasa. Iya Furera tana zaune tana kallonsa.

Yarinyar ta zuba wa bishiyar bokiti guda da hannunta. Sannan ta cire allon ta kai makaranta. Ta tabbata laifin umarnin ne. Ta buɗe kwamfuta ta canza lamba, ta goge layi, ta ƙara wani, ta sauya wayoyi, duk a lokaci ɗaya. Da ta loda, ko 'yar koriyar fitilar allon da ke ƙiftawa a da ta daina.

Sai ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

Malam Sagiru ya zo. "Lafiya? Me ya faru?"

"Malam, na lalata shi. Kuma bishiyar kakana za ta mutu."

"Me kika canza?"

"Komai."

"To wanne ne ya kashe shi a ciki?"

"Ban sani ba, Malam."

Malam ya ja kujera ya zauna. "Kin gani? Idan kika taɓa abu goma tare, ba za ki san mai laifi ba. Mu koma inda muka san yana aiki."

Akwai tsohon umarnin a kwamfutar kulob. Suka mayar da wayoyin yadda suke, suka loda shi. 'Yar fitilar ta fara ƙiftawa.

"Allon shi ne kai, kuma lafiyarsa ƙalau," in ji Malam. "Saura jiki. Ki koma gidan kakarki da kwamfutar nan ta hannu. Ki duba batir. In ya yi, ki duba wayoyi. In sun yi, famfo. Sannan ma'auni. Ɗaya bayan ɗaya. Kada ki yi zato, ki duba."

Da aka tashi, babanta ya kai ta Gobarau. Ta durƙusa ta gaishe da Iya, sannan ta fara aiki a natse.

Batir yana da caji. Wayoyi ba wadda ta kwance. Ta haɗa famfo kai tsaye da batir, ya watso ruwa. Ta jona allon da kwamfuta, ta tsoma ma'auni a busasshen yashi, lamba ta hau. Ta tsoma shi a jiƙaƙƙe, lamba ta sauka.

"Baba, komai yana aiki. To ina matsalar take?"

"Ki ci gaba da dubawa," in ji babanta.

Ta mayar da ma'aunin gurbinsa kusa da dutsen. Lamba ta sauka, wai ƙasa a jiƙe take. Ta taɓa wurin, da sanyi kuwa. Ta matsa ta taɓa gindin bishiya, a bushe ƙayau.

Ana cikin haka aka kira sallar la'asar. Iya Furera ta fito da butarta. Ta zauna a kan faffaɗan dutsen nan, ta fara alwala. Ruwan ya gangara ya kwanta daidai kan ma'aunin.

Yarinyar ta riƙe baki. "Iya! Kullum a nan kike alwala?"

Iya ta idar, ta dube ta. "To ina za ni yi? Nan Malam shike zama shi yi tashi. Tun da ya tahi ban sake wuri ba."

Nan take ta gane. Kowace salla sai ruwan buta ya jiƙa ma'aunin. Allon yana jin danshi, sai ya ɗauka bishiya ta ƙoshi. Ga ta nan kusa tana fama da ƙishi.

"Iya, ki yafe mini. Waya ce ta gaza, na yi ƙyuyar ƙarawa. Kuma ban dawo na duba ba."

"Ba komi, ɗiyata. In tashi daga wurin ne?"

"A'a, Iya. Ki zauna a dutsenki. Ma'aunin ne zai tashi."

Babanta ya samo mata doguwar waya. Ta caka ma'aunin a gindin bishiya. Famfo ya tashi. Wannan karon ba ta tafi ba sai da ta ga ƙasa ta sha, famfon ya tsaya da kansa.

Daga nan kowace Juma'a tana zuwa. Takan duba allon, ta tsoma yatsa a ƙasa, sannan ta zauna hira da Iya. Sannu a hankali sabon ganye ya tsiro. Daga baya furanni suka dawo, ko da yake ba su kai na da ba.

Yarinyar ta koyi darasi. Idan abu ya lalace, ba a gyara shi da zato da gaggawa. Ana zuwa inda yake, a duba da ido, abu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da rumman na farko ya nuna, Iya Furera ta kira ta. Ta fasa shi a kan dutsen, ta ce, "Miƙo hannu."

Ta zuba mata jajayen 'ya'yan a tafin hannu.

"Ga ladan aikinki, sarkin ɓarin ruwa."